Fistan ɗin Yamaha Blaster (babur mai ƙafa huɗu) ya huje, canza shi kawai ya isa?

Ɗan'uwa, bai isa ba. Fistan ɗin inji tu-sitirok (mai ƙona baƙin mai tare da fetur, irin na Blaster) yakan huje ne idan iska ta rinjayi fetur, wuta ta yi zafi. Ka nemo inda iskar ke shiga: sil ɗin karanshaf ko robar wuyan kabureta; ka kuma duba ko jet ɗin kabureta ya toshe ya rage fetur. In ba haka ba, sabon ma zai narke.

Ɓurɓushin alminiyam ya riga ya zuba ƙasan injin, don haka buɗe injin gaba ɗaya ka wanke, ka duba boris da kwanrod (sandar da ke haɗa fistan da karanshaf). Silindarsa mai faɗin milimita 66 ce. In ta karce, a yi mata bori, wato a faɗaɗa ta zuwa 66.50 don fistan mai wannan girman, a goge kaifin bakin ramukanta don kada ringi ya maƙale. Alamar kibiya da ke kan fistan ta fuskanci salansa. Ka tabbatar famfon baƙin mai yana turowa kafin ka tayar.