Malama, fara da gano inda aka wuce su

Assalamu alaikum. Malama, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki: an tura ki ƙaramar sakandare (JHS) a unguwar Aboabo da ke Kumasi, an ba ki lissafi a aji ɗaya, wato JHS 1, yara sun haura 50, wasu na gyangyaɗi wasu na surutu, aikin gida ba mai taɓawa, bulala kuma an hana. Kika ce yaya za ki yi su so karatu. 'Yan'uwa sun ba ki shawarar raba kyauta da kiran iyaye da yawan addu'a, kuma duk suna da muhallinsu. Ni na daɗe ina riƙe alli tsakanin unguwannin Asawase da Sawaba, to bari in faɗi tawa.

Yawancin yaran da muke cewa ba sa son karatu, wuce su aka yi tun tuni ba wanda ya waiwaya. Yaro ya iso JHS 1 bai iya karanta jimlar Turanci guda ba, bai haddace sau bakwai ba, ke kuma manhaja ta ce ki shiga aljabara. Me kike so ya yi na tsawon awa guda? Ko ya yi barci ko ya tsokani na kusa da shi. Kuma a shekarunsa gara a kira shi fitinanne da a kira shi daƙiƙi a gaban 'yan mata. Wannan ba matsalar Zango kaɗai ba ce. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji biyu na firamare a faɗin Ghana a 2015 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai ke karantawa tiryan-tiryan su kuma fahimci abin da suka karanta. Irin waɗannan yara ba a cika maimaita musu aji ba, ana ta tura su gaba ne har su faɗo hannunki.

Don haka kafin komai ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, a ɓoye, lokacin hutun tara ko bayan an tashi. Takarda guda ta isa: haruffa a sama, sai kalmomi, sai ɗan gajeren labari, a bayanta tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Kada ki kira shi jarrabawa, kuma kada ki karanta sakamakon a aji. Za ki sha mamaki. Wanda ya fi kowa baki a bencin baya sau da yawa shi ne ba ya iya ɗebe 38 daga 52. Daga nan ki raba su rukuni uku gwargwadon inda kowa ya tsaya, ki ware minti 20 na farkon darasi kowane rukuni ya yi aikin da ya dace da shi, sannan ku haɗu a kan darasin manhaja. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, an kuma gwada shi a makarantun gwamnati a nan Ghana. Ki sanar da hedimasta tun da wuri, saboda mai duba makarantu daga ofishin ilimi zai zo ya buɗe littafin tsarin darasinki ya tambayi dalilin da kike baya.

Sai maganar harshe. Ɗan Zango yana tashi da Hausa, ko da iyayensa Mosi ne, ko Zabarmawa, ko Dagomba, ko Kotokoli. A kasuwa Twi yake yi, a makarantar allo Larabci, a ajinki Turanci. Hausar da yake tunani da ita ba ta cikin harsunan da GES, hukumar ilimi ta Ghana, ke koyarwa, mu nan Kumasi Asante Twi ake zaunawa a jarrabawa. Abin da nake yi shi ne in yi bayani da Turanci, in ce wani ya maimaita mana da Hausa, wani kuma da Twi, sannan mu koma Turanci mu rubuta, tunda da shi za a yi BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. A wurin maimaitawar nan nake jin ko sun gane ko gyaɗa kai kawai suke yi. Har yanzu akwai malaman da ke cin tarar yaro don ya yi yaren gida a harabar makaranta. A ganina abin da suke koya masa kawai shi ne ya rufe bakinsa.

Yanzu ga abin da na fi so ki tsaya a kai. Yaron nan da ke barci a ajinki, je ki gan shi ranar Asabar a makarantar allo. Yana rera karatu da ƙarfi, yana rige-rigen zuwa gaban malam ya biya. Wasu za su ce ai tsoron dorina ne. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. A can kowa yana kan allonsa, ba wanda ake jan sa zuwa surar da bai kai ba. In ya biya daidai a ce ya wanke, a rubuta masa na gaba, a ranar, a gaban idonsa. Ya san yana Sabbi, ya san Amma na gaba, ya san izu nawa ya rage masa, ya kuma ga walimar da aka yi wa yayansa ranar sauka. Mu a boko fa? Yaro zai yi wata uku yana kwafar allo, a ƙarshen zango a miƙa masa takarda an rubuta ya zo na 47. Zango na gaba na 45. Wa zai yi zumuɗin wannan?

To ni sai na ari tsarin. A bayan littafin kowane yaro nakan sa ya zana matakai: ɗebewa da aro, jadawalin ninkawa har sau goma sha biyu, doguwar rabawa, ɓangarorin lamba, haka har zuwa inda manhaja take. Duk wanda ya ga ya shirya sai ya zo ya biya mini tambaya uku, in ya ci in sa hannu da jan biro a kan matakin. Ranar Juma'a da safe kuma tambaya biyar ga kowa, a musanya littattafai a yi maki nan take. Sunayen da nake kira a tafa musu su ne na waɗanda suka ɗara makinsu na makon jiya, ko daga ɗaya ne zuwa biyu. Ta haka yaron bencin baya yana iya jin sunansa a bakin malami ba don laifi ba. Akwai wani da ya fi wata bai buɗe baki a ajina ba, ranar da na sa masa hannu a kan sau tara ya bi ni har bakin titi yana tambaya ko zai iya biya na gaba gobe.

Kyautar biro da alewa ba na hana ki, amma ki sani yara ukun nan na gaba su za su riƙa kwashewa, sauran kuma sun san haka tun kafin a fara. Albashinki ma ba zai ɗauka ba. Gasa tsakanin rukuni ta fi aiki. Yaran Kumasi sun san gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa da ake yi tun 1993, sun san makarantun Prempeh da Opoku Ware na nan Kumasi, suna jin hayaniyar da ake yi in an doke makarantar Presec ta Accra. Ki raba ajin gida-gida, kowane gida da masu ƙoƙari da masu rauni, su zaɓa wa kansu suna. Sharaɗi guda ne: ƙuri'a ce ke fitar da mai amsawa. Za ki ga gwanin aji ya zauna yana koya wa abokinsa da gaske, don ya san in ƙuri'a ta faɗa kan abokin gidansu ne zai sha kaye.

Wata rana wani zai ce miki: Madam, yayana pragya (keke mai ƙafa uku na haya) yake tuƙawa, kullum da kuɗi a aljihunsa, maƙwabcinmu kuma ya gama jami'a yana zaune a gida. Kada ki yi masa ƙarya, ya fi ki sanin unguwar. Ki ɗauki pragyar ki mayar da ita darasi. Nawa ake kai wa mai ita kullum, nawa man fetur, nawa gyara, nawa ya rage, a wata nawa za a mayar da kuɗin sayenta? Riba da faɗuwa ki koyar da su da tukunyar waakye (shinkafa da wake), kaso cikin ɗari da cajin MoMo (tura kuɗi ta waya). Masu leƙa shagon caca ku lissafa tare yiwuwar cin wasa goma a tikiti ɗaya, su ga lambar da idonsu. Wanda ya ce shi Suame Magazine, unguwar makanikai, zai tafi koyon gyaran mota, ki ce madalla, amma motocin yanzu na'ura ake jona musu ta rubuto ciwonsu da Turanci. Kuma ki riƙa gayyato 'yan unguwa da suka yi gaba, ma'aikaciyar jinya daga asibitin Komfo Anokye, ɗalibin jami'ar KNUST, mai haɗa wutar gida da ke da takardar shaida, su yi musu magana da Hausa minti 15. Wanda suka sani yana sayen koko a layinsu ya fi shiga ransu fiye da duk wani babban mutum na talabijin.

Ki kuma zauna ki bayyana musu yadda BECE take tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da aka fara babbar sakandare kyauta a 2017 yara da yawa sun ɗauka ko yaya aka yi za su wuce. Ba su san maki daga 1 ne zuwa 9 ba, 1 ce ta fi kyau, darasi shida ake haɗawa, don haka jimlar 6 ce mafi kyau, kuma da wannan jimlar kwamfuta ke duba makarantar da suka zaɓa da fannin da suke so. Masu ƙarfi a Islamiyya ki gaya musu tun 2024 Larabci ya shiga darussan da ake iya zaɓa a BECE.

Masu gyangyaɗi ki tambaye su kafin ki hukunta. Shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2005 firamare da rainon yara yake kaiwa, don haka wanda ya saba cin abincin rana a aji shida yana shiga JHS sai ya ga babu. Wata tun asuba take taya uwarta dama koko da suyar ƙosai, wata sai ta gama tallan ruwan leda da dare. Wani kuwa gidan kallon ƙwallo ne ya cinye masa dare, wannan maganinsa daban. Shi ya sa na rage aikin gida sosai, tambaya uku da za a iya gamawa kafin a tafi Islamiyya. Yarinyar da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu duk wata, ke mace kin fi ni sanin yadda za ki ja ta gefe. Gwamnati ta ƙaddamar da rabon audugar mata kyauta a 2025, ki bincika ko ta iso makarantarku.

Iyaye kuma kada ki fara kiransu da ƙara. Uwar da ke kasuwar Kejetia tun safe ba za ta rufe tebur don taron ƙarfe goma ba, takardar Turanci kuma a jakar yaron za ta ruɓe. Ki yi mata saƙon murya a WhatsApp da Hausa: Hajiya ina wuni, malamar wance ce, na kira ne in gaya miki ta ci huɗu cikin biyar yau. Ranar da za ki kira da matsala za ta saurare ki. Ki je ki gaida malamin makarantar allonsu ma, kalmarsa guda ta fi taki goma a wurin yaran da iyayen.

Bulala GES ta hana tun 2017, kuma ni ban yi kewarta ba, shiru take kawowa ba fahimta ba. Amma aji ba ya zama babu doka. Ku tsara ƙa'ida huɗu ko biyar tare, kowace da hukuncinta, kamar canjin wurin zama ko rasa rabin hutu, kuma ki zartar a kan kowa har ɗan gaban goshinki. Shugaban masu surutu ki ba shi riƙon littafin makin gasa. Ke ma ki shiga aji a kan lokaci, ki duba littafin da kika karɓa, don suna lura.

Duk da haka wasu ba za su motsa ba a wannan zangon, kada ki ɗora wa kanki. Ki fara da gwajin nan ranar Litinin, sannan ki dawo ki gaya mana yadda rukunonin suka kasu, saboda tsarin da za ki bi in marasa karatu 10 ne daban yake da in 30 ne. Takardar gwajin da nake amfani da ita tana nan, in kina so sai in ɗauki hotonta in turo. Allah ya dafa miki.