Amsa: Me ya sa bugun zuciya ke rikicewa lokacin sa robar wankin ƙoda?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambaya ko kuskure ne ya sa bugun zuciyarsa ya rikice a lokacin da ake sa masa robar wankin ƙoda a wuya. Galibi ba kuskure ba ne. Likita yakan fara zura siririyar waya ta babbar jijiyar wuya, yawanci ta gefen dama, sannan robar ta bi bayanta. Idan bakin wayar ya shige ciki har ya taɓa bangon zuciya, sai bugun ya riƙa tsalle a allon na'ura, kuma da zarar an ɗan janyo wayar yakan daidaita cikin daƙiƙu.

Abin da ya fi damuna shi ne sinadarin fotashiyam, domin yakan taru a jinin mai ciwon ƙoda, kuma bugun zuciyar da ke cikin wannan hali ya fi saurin rikicewa. Saboda haka ka tambayi likitocinsa ko an auna shi, ka kuma sanar da su idan Baba yana da tsohon ciwon zuciya. Idan faɗuwar gaba, jiri ko suma suka biyo baya, a mayar da shi asibiti nan take, don wani lokaci bakin robar ne ya zarce inda ya kamata ya tsaya.