Tambaya da Amsa: Kuɗin Fito da Tsadar Kayan Ɗaukar Hoto

Tambayoyin wannan mako sun fito ne daga masu sana'ar hoto da bidiyo a Kebbi da Zamfara, kuma kusan duk kukansu ɗaya ne, tsadar kayan aiki. Mun zaɓi shida.

Daga wani mai ɗaukar hoton biki a Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Na ga kyamara a intanet dala 2,000. Da na tambayi dila a Kano sai ya yanka mini farashin da ya zarce haka nesa ba kusa ba, ya ce wai kwastam ne. Da gaske fito ne ke jawo wannan, ko dai cuwa-cuwa ce?

Wa alaikumus salam, Malam. Dilan yana da gaskiya, amma ba duka ba. Bari mu yi lissafin tare.

Tun 2015 Najeriya ke aiki da jadawalin fito na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Matakin kashi 20 shi ne na kayan da aka gama ƙerawa, waɗanda mai saye zai ɗauka ya yi amfani da su kai tsaye, don haka da shi za mu yi misali. Abu na farko da ke ruɗar mutane shi ne, ba a kan kuɗin sayen kaya kaɗai ake yanka fito ba. Ana haɗa kuɗin kaya da na jirgi da na inshora, jimillar ita ake kira CIF. Kyamararka ta dala 2,000, in jirgi da inshora sun ci dala 150, to a idon kwastam darajarta dala 2,150 ce. Kashi 20 na wannan shi ne dala 430.

Daga nan sai ƙananan caji su biyo baya, bisa tsarin da aka daɗe ana aiki da shi: ƙarin kashi 7 na kuɗin fiton kansa, wato dala 30 da ɗoriya, kashi 1 na ainihin kuɗin kaya don aikin duba kaya, dala 20, rabin kashi 1 na CIF a matsayin harajin ECOWAS, kusan dala 11. VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, shi ne ke zuwa ƙarshe, kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, kuma a nan ne abin ke da ciwo, domin a kan komai ake ɗora shi, har da harajin da aka riga aka lissafa. Jimillar ta kai kusan dala 2,641, VAT ɗinta dala 198. Idan ka tara duka, gwamnati ta karɓi kusan dala 689. Wato fiton da ake kira kashi 20 ya zama sama da kashi 34 na kuɗin da ka gani a intanet.

Ka lura da abu guda. Dokar Kwastam ta 2023 ta tanadi cajin kashi 4 na kuɗin kaya. An fara karɓarsa a Fabrairun 2025, aka dakatar bayan koke-koken 'yan kasuwa, aka dawo da shi, aka sake dakatarwa a cikin shekarar. A misalinmu wannan caji dala 80 ne. Saboda haka kafin ka tura kuɗi, ka sa ejen mai lasisin fitar da kaya daga kwastam ya rubuto maka cajin da ke aiki a makon, layi-layi.

Duk abin da ya haura wannan ba na kwastam ba ne: ladan ejen, kuɗin ajiya a filin jirgi, kuɗin mota daga Legas ko Kano, da ribar dila. Dila kuma yakan ƙara wani abu don tsoron kada dala ta tashi kafin ya sake saro kaya. Wannan tsoro halal ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne dila ya ɗora wa kwastam laifin ninka farashi sau biyu, domin lissafi bai ba shi wannan ba.

Daga wata mai situdiyo a Gusau: Kafin 2023 na sayi lens, yanzu irinsa ya ninka kusan sau uku. Na bincika an ce ba a ƙara kason fito ba. To me ya faru?

Hajiya, an gaya miki daidai, kason bai motsa ba, dalar da ake auna shi da ita ce ta motsa. Kwastam na lissafa darajar kaya da dala, sannan su mayar da ita naira bisa canjin da Babban Bankin Najeriya ya ba su. Kafin Yunin 2023 canjin nan yana wajen naira 422. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ya kai naira 951 a Disambar 2023, sannan ya tsallaka naira 1,356 a farkon Fabrairun 2024.

Ki ɗauki dala 689 ɗin da muka lissafa a sama. A canjin 422 kusan naira 291,000 ce. A canjin 1,356 ta zama kusan naira 934,000. Kaya ɗaya, doka ɗaya, cikin wata takwas. Kuma dalar da dila ya sayi kayan da ita ma ta tashi, ga shi ba a ƙera lens ko kyamara a ƙasar nan balle a ce a koma wa na gida. A ganinmu nan ne fito a kan kayan hoto ya rasa hujja mai ƙarfi: babu masana'antar gida da yake karewa, mai ƙaramar sana'a kawai yake matsa wa, alhali kyamara a wurinki jari ce, kamar keken ɗinki a wurin tela.

Shawara mai amfani: idan za ki yi odar kaya da yawa, ki tabbata kowane abu an rubuta shi a layinsa da lambarsa ta kwastam. Kyamarar zamani tana ƙarƙashin 8525, lens 9002, filasha 9006, ƙafar kafa kyamara 9620, batir 8507, memori 8523, makirfo 8518, jaka 4202. Kowace lamba da kasonta a jadawali. In mai sayarwa ya dunƙule komai ya rubuta "kayan kyamara" da farashi guda, kin bar wa jami'i ya zaɓa miki lamba, kuma daga nan ake fara jayayya kaya na kwana a sito kuɗin ajiya na hawa.

Daga wani matashi a Argungu: Yayana yana Amurka, zai zo gida. In ya sayo mini a can ya sako a jaka, ba na tsira daga duk wannan ba?

Ɗan'uwa, kafin 2025 da mun ce wannan hanya tana da sauƙi ƙwarai. Amma a Afrilun 2025 gwamnatin Donald Trump ta ƙaƙaba sabon fito a kan kayan da ke shiga Amurka, kuma yawancin kyamarori ba a can ake ƙera su ba. Canon ya fi ƙerawa a Japan, Nikon da Sony suna da manyan masana'antu a Tailan. Bayan ciniki tsakanin ƙasashen, a 2025 ɗin an tsayar da kashi 15 a kan kayan Japan, kashi 19 a kan na Tailan, kuma kamfanonin nan uku duk sun ƙara farashi a Amurka a cikin shekarar. Ke nan in yayanka ya saya a can, ka biya fiton Amurka a ɓoye cikin farashin, ga harajin sayayya na jihar da yake zaune in tana karɓa, kuma da wuya a mayar maka da su don ka fito da kayan. Ingila ma VAT ɗinta kashi 20 ne, kuma tun 2021 ta daina mayar wa matafiya a filin jirgi. Dubai kuwa kashi 5 ne, kuma baƙo na iya neman a mayar masa yawancinsa idan shagon yana cikin tsarin.

Game da isowa: kyamarar da matafiyi ke amfani da ita, rataye a wuyansa, kayan kansa ce. Sabuwa fil a kwali, balle biyu ko uku iri ɗaya, kaya ne da ya kamata a bayyana. Ya riƙe rasit na asali, ya bayyana, ya biya a banki ko ta hanyar da hukuma ta amince, ya karɓi takarda. Kada ya miƙa wa kowa kuɗi a hannu ba rasit, domin wannan kuɗin bai wanke kayan ba. Batir kuma na saka-da-cirewa ba a sa shi a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi, a jakar hannu ake riƙe shi. Wanda bai wuce ƙarfin 100Wh ba (Wh shi ne ma'aunin ƙarfin batir) babu matsala, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma guda biyu kawai.

Sai kuma batun garanti. Galibi garantin kyamara na yankin da aka sayar da ita ne, in ta lalace a Argungu sai dai ta koma can.

Daga wani mai bidiyo a Kamba: Ana kawo mana kyamara ta garin Gaya na Nijar da rangwame. Tunda ƙasashen maƙwabta ne, ba a ce kayan ECOWAS babu fito ba?

A'a, Malam. Sassaucin ECOWAS na kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin ne, kuma sai da takardar shaidar asali. Kyamarar da aka ƙera a Japan ba ta zama 'yar Nijar don ta kwana a Yamai ba. Balle ma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso.

Rangwamen da kake gani, in har mai yawa ne, kusan shi ne kuɗin fiton da ba a biya ba, kuma hatsarin ya koma kanka. Mai bidiyo ba a gida yake zaune ba, yau yana Bunza gobe yana Jega jibi yana Sakkwato, kuma hanyoyin nan na kusa da iyaka cike suke da shingayen bincike. Kayan da aka shigo da su ba bisa ƙa'ida ba doka ta ba kwastam ikon kama su. Araha ba ta ado. In za ka saya, ka nemi takardar biyan fito da aka yi a tashar kwastam ta Kamba, wadda aka sake buɗewa a Afrilun 2022. Ka duba cewa samfurin da ke kan takardar shi ne na hannunka, sannan mai sayarwa ya rubuta maka rasit da lambar jikin kyamarar, wadda ke ƙasanta kusa da ramin da ake ɗaura ta a ƙafa. Ka ɗauki hoton takardun ka ajiye a waya, ka bar kwafi a jakar aiki.

Daga wata ɗaliba a Talatar Mafara: Ƙananan kaya nake so in yi oda, memori da batir da ƙaramin makirfo. Su ma sai an biya?

'Yar'uwa, tun Satumbar 2025 kwastam ta yafe fito a kan ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, muddin ba haramtattu ba ne. Kayanki za su iya shiga ciki. Kamfanin aike zai iya karɓar ladan aikinsa, wannan daban ne da fito, ki nemi ya rarrabe miki a takarda. Kada ki sa mai sayarwa ya rage farashi a rasit don ki faɗo ƙasa da 300, laifi ne kuma ana iya ƙwace kayan.

Daga wani mai shirya fim a Zuru: Ina so in sayi kyamara ta hannu daga waje, da kuma ƙaramin jirgi marar matuƙi don ɗaukar bikin Uhola da na kamun kifi a Argungu. Me zan sani?

Kaya na hannu ma ana biya musu fito, Malam, sai dai a kan darajarsu ta yanzu. Matsalar ita ce tabbatar da darajar. Ƙa'ida ta ce a fara da kuɗin da ka biya da gaske. Idan jami'i ya ga rasit ɗin ya yi ƙasa da hankali, yana da damar komawa ga farashin irin kayan da aka shigo da su a baya, ya ɗaga darajar, ya rubuto maka cikon kuɗi. Abin da ke kare ka shi ne hujja: hoton tallar da ka saya a kanta, shaidar tura kuɗi daga banki, da adadin hotunan da kyamarar ta ɗauka tun da aka ƙera ta, wanda ake karantawa a cikin bayanan hoto ko da manhaja. Kyamarar da ta ɗauki hoto 80,000 ba za a kira ta sabuwa ba. Lens na hannu kuwa ka sa a haska shi da tocila daga baya, a turo maka hoton. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, funfuna ce, ka bar shi ko da kyauta ne.

Batun jirgi marar matuƙi ya wuce maganar fito, maganar tsaro ce. Shigo da shi yana buƙatar takardar shaidar mai amfani daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, tashi da shi don sana'a kuma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA. Takardar ake fara samu kafin kaya su taso, in ba haka ba ana riƙe shi a filin jirgi ko da ka biya fito har da ƙari. Ga kuma yanayin yankinmu: a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara saboda 'yan bindiga, kuma Zuru tana maƙwabtaka da wuraren da jami'an tsaro ke aiki. Ko kana da takardu cikakku, ka je ka sanar da 'yan sanda da kwamitin shirya bikin a rubuce kafin ranar. Idan aikin na kwana biyu ne a shekara, ɗauko mai jirgin da ya riga ya mallaki izini ya fi maka sauƙi da araha fiye da sayen naka.