Ciyayya, da Zumuntar da Ke Ƙafa

Wata Hajiya daga unguwar Aboabo da ke birnin Kumasi a Ghana ta rubuto cewa duk shekara, kashegarin Babbar Salla, danginsu kan cika motoci su tafi bakin tafkin Bosomtwe, wanda ke da nisan wajen kilomita 30 daga Kumasi, kowane gida da tukunyarsa. Jikokinta "fikinik" suke ce wa abin, ita kuwa kalmar ta ƙi zama mata a baki. Tana tambaya ko Hausa na da sunan irin wannan fita.

Hajiya, akwai shi, tun kafin a san mota. Sunansa ciyayya. A da, in an idar da sallar Magariba, magidantan unguwa kan zauna a zaure ko ƙofar gida, kowa a kawo masa akushinsa daga ciki, a jera a tsakiya, kowa ya sa hannu a na kowa. Wanda aka yi wa miyar kuka zalla ya ci naman maƙwabcinsa, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar ya tashi a ƙoshe, asirinsa a rufe.

Daɗin kalmar yana ƙarshenta. Ɗafa-ƙeyar nan "-ayya" takan nuna aikin da ake yi wa juna: so ya haifi soyayya, ƙi ya haifi ƙiyayya, ja ya haifi jayayya, aure ya haifi auratayya. To haka ci ya haifi ciyayya, wato na ci naka, ka ci nawa. Shi ya sa ban yarda a kira fitarku walima ko liyafa ba. Su biyun aro ne daga Larabci, kuma a cikinsu akwai mai gayyata, akwai baƙo. A ciyayya babu baƙo. Wannan ta zo da shinkafa da wake (abincin da duk Ghana ke kira waakye, sunan ma daga "wake" namu ya samo asali), waccan da tuwo, wata da soyayyen naman layya, an shimfiɗa tabarma ɗaya. "Shan iska" da "yawon shaƙatawa" suna faɗin fitar, amma sun bar kwanon a gida. Ni dai in ni ne ke, zan ce wa jikokin: gobe za mu ciyayya Bosomtwe. In kika faɗa shekara biyu a jere, za su ɗauka.

Tambaya ta biyu daga wani matashi ce a unguwar Asawase, mai shago a kasuwar Kejetia. Ya ce danginsu na da zaure a WhatsApp, kullum ana gaisawa, ana turo hotunan suna da biki. Shin karin maganar nan "zumunta a ƙafa take" ba ta tsufa ba?

Ɗana, zumu shi ne ɗan'uwa, daga gare shi aka samu zumunta da zumunci. Za ka ji "zumunta a ƙafa take", za ka kuma ji "zumunci a ƙafa yake", duk daidai ne, jinsin kalmar kawai ya sauya. Gaisuwar waya alheri ce, kada ka daina, tana cikin sada zumuncin da hadisi ya ce yana yalwata arziki, yana ƙara tsawon rai. Amma lura da gaɓar da Bahaushe ya zaɓa. Yana da baki, yana da zuciya, ya tsallake su ya ce ƙafa, domin ita ce mai shan wahala: a rufe shago, a biya kuɗin mota, a sha rana. Wanda ka je wa ya san abin da ka bari ka zo.

Akwai kuma abin da sai an haɗu yake yiwuwa, shi ne wasan kaka da jika. Tsohuwa ta kira jikanta "mijina", ta ce ya bar ta ba cefane. Tsoho ya kira jikanyarsa "amaryata", ita kuma ta ce ba ta auren mai furfura. Yaron da ke jin nauyin mahaifinsa, a gaban kaka bakinsa ke buɗewa, a nan yake tambayar daga ina kakanninsa suka taso, wace hanyar fataucin goro ta kawo su zango. A nan ɗan jika yake sanin sunansa tattaɓa-kunne, ya ga wadda ta haifi kakarsa da idonsa. Yaranmu na Kumasi da yawa Turanci da Twi sun fi yawa a bakinsu, kuma Hausar da ta rage musu galibi daga irin wannan zama take shiga kunne. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ka ce kakarka na raye a Aboabo, ga shi daga Asawase ko mota ba ka bukata. Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, ka saya mata goro ka je. Da ta ce mijinta ya zo hannu rabbana, sai ka fito da shi daga aljihu.