Ruwan sama ne ya ƙaru, ko hanyarsa aka tare?

Tambaya: Ni mazaunin cikin birnin Zariya ne. A 'yan shekarun nan, da zarar an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta sai ya shigo mana zaure, katangar ƙasa ta jiƙe har ta zube, alhali mahaifina ya ce a ƙuruciyarsa ba a san haka ba. Shin wannan ne sauyin yanayin da ake faɗa a rediyo?

Amsa: Malam, sauyin yanayi yana da hannu a ciki. Hayaƙin man fetur da kwal da gas da duniya ke ƙonawa ya sa zafin duniya ya ƙaru da sama da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas tun daga ƙarni na 19, kuma duk ƙarin digiri ɗaya yakan ba iska damar riƙe ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100. Shi ya sa hadari kan haɗu da nauyi ya juye cikin ɗan lokaci. Zariya tana samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, sai dai ruwan da ya sauka a hankali yakan nutse a ƙasa, wanda kuwa ya zo kamar da bakin ƙwarya gudu yake yi yana neman gangare. A tuna kuma cewa mahaifinka ya ga shekarun farin 1973 da 1984, lokacin da damina ta yi ƙaranci a Arewa, don haka wataƙila da waɗannan shekarun yake kwatanta ruwan yanzu.

Amma a ganina, babban abin da ya kawo ruwa zaurenka yana nan kusa da gida. Tsofaffin unguwannin birni cike suke da kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, kuma su ne suke karɓar ruwan unguwa su riƙe shi har ya tsotse. Da yawansu an cike su da shara, an yanka filaye, an yi gini. Tsakar gida da a da take ƙasa yanzu an malale ta da siminti, ruwan indararo kuma kai tsaye yake fita lungu. Ka leƙa lambatun ƙofar gidanku da rani, za ka tarar da ledojin ruwa da robobin lemo sun cakuɗe da yashi sun daskare, kuma leda ba ta ruɓewa kamar ganyen da ake ƙunshi da shi a da. Ruwan da ya kuɓuce daga nan kogunan Kubanni da Galma yake gangarawa, inda masu lambu ke ban ruwa da shi a fadama.

Game da katangarka, daga ƙasa take lalacewa, domin ruwan da ya kwanta a gindinta yana hawa cikin tubali ya sassauta shi. Kafin watan Mayu a yi wa gindin dakali mai gangara, a tsawaita indararo ya zuba nesa da bango, a sabunta yaɓe, sannan ku haɗu da maƙwabta ta hannun mai unguwa a yashe lambatun tun daga sama har inda yake faɗawa, domin wanda ya yashe ƙofar gidansa kaɗai, ruwan na sama a wurinsa zai taru.