Masu Kiwon Kifi Sun Tambaya: Garin Ganye, Angurya da Ɗanyen Magani

Wani mai kiwon tarwada daga Garwa, a arewacin Kamaru, ya rubuto cewa wani ɗan talla ya kawo masa gari a leda, wai haɗin zogale ne da tafarnuwa da citta, kuma kifi zai ninka girma. Ya saya ko ya bari?

Malam, kafin ka ciro sefa ko ɗaya, koma ka duba buhun abincin da kake ba su. Tarwada mai tasowa tana son abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 35 zuwa 40 cikin 100. Idan dusar masara ce ta fi yawa a abin da kake zubawa, babu garin da zai cike wannan giɓi. Yaji dai ba ya zama tuwo.

Ba wai ganyen banza ba ne. Tafarnuwa da citta suna taimaka wa kifi wajen cin abinci da jure cuta, amma ɗan kaɗan ake sawa, kamar giram 10 na garin tafarnuwa a kilo ɗaya. Zogale yana da furotin, sai dai yana da ɗaci da ƙaiƙayin da cikin kifi ba ya narkarwa sosai. In ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin, girman ya kan ja baya. Abin da ya fi damuna shi ne ledar nan da ba rubutu, ba ranar haɗawa, ba a san abin da ke ciki ba. Gara ka haɗa da hannunka: shanya ganyen a inuwa, daka, tankaɗe, kwaɓa da ɗan mai, ka cuɗa da ƙwayoyin abincin har su kama, sannan ka bar su su sha iska. Ka gwada a tafki ɗaya kawai, ka riƙa auna kifi goma daga nan, goma daga wancan, duk mako biyu. Sikeli ne zai gaya maka gaskiya.

Wata Hajiya da ke ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwada kusa da Lagdo ta ce tana ba iyayen kifinta dusar angurya saboda arha, ga shi ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa yadda ya kamata. Wane ganye za ta ƙara?

Hajiya, cirewa za ki yi. Dusar angurya tana da yawa a yankinmu tunda kamfanin auduga na SODECOTON na matsar mai a Garwa da Marwa, kuma ga shanu abinci ne mai kyau. Amma irin auduga yana ɗauke da wani sinadari, gosifol, wanda tumbin saniya ke iya rage ƙarfinsa, kifi kuwa ba shi da wannan tumbi. Yana taɓa haihuwa, musamman ta namiji. Ki cire ta daga abincin iyaye baki ɗaya, ki koma waken soya da aka soya sosai, da garin ƙananan kifi, da tunkuzar gyaɗa. Tunkuzar ki sansana ta, ki fasa ki duba. Wadda ta yi fumfuna tana lalata hantar kifi.

Ki kuma nisanta iyayen kifin da ƙwayar gwanda, domin tana rage haihuwa. Masu karfasa da 'ya'ya suka cika wa tafki su ne suke da amfani da ita. Kar wani ya ce miki akwai ganyen da zai sa tarwada ta saki ƙwai a tafkin siminti. Har yanzu sai da allurar sa kifi sakin ƙwai.

Daga Kusiri kuma wani ya ce kifinsa na mutuwa ɗaya-ɗaya da sanyin hunturu, an ce ya zuba shuwaka da darbejiya a ruwa.

Ɗan'uwa, fara canza ruwan. Da sanyi kifi yana rage ci, abincin da ya bari ya ruɓe a ƙasa ya ɓata ruwa, don haka ka rage awon, ka ba su bayan rana ta ɗaga. Darbejiya in ta yi yawa ita kanta tana kashe kifi. Idan ka ga gyambo a jiki ko kumburin ciki, ɗauki guda ɗaya mai rai a bokiti ka kai wa jami'in MINEPIA, wato ma'aikatar kiwo da kamun kifi, na yankinku ya gani da idonsa.