Amsa: Baƙin man mota a injin jirgin saman da ka haɗa da hannunka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko baƙin man mota zai yi wa injin Lycoming ɗin jirgin da kake haɗawa, tunda ya fi araha. Don Allah kada ka zuba shi.

Injinan jirgin sama na kamfanonin Lycoming da Continental iska ce ke sanyaya su, suna zafi sosai, kuma a ƙa'ida suna ƙona ɗan mai. Man mota na ɗauke da sinadaran ƙarfe irin su kalsiyam da zinki. Idan ya ƙone sai ya bar toka a kan fistan da bakin fulogi. Tokar nan takan yi ja kamar garwashi ta kunna fetur kafin lokaci, har ta iya huda fistan kana sama. Shi ya sa ake yin man jirgi marar toka, kamar AeroShell W100 ko Phillips X/C 20W-50. Ga kuma dalmar da ke cikin 100LL, wato fetur ɗin jirgin sama. Man jirgi ne ke iya riƙe ta har ranar juye.

Da injin jirgin naka Rotax 912 ne, da zancen ya bambanta: mai ɗaya ke shayar da inji da akwatin giya, don haka irin na babur yake so, kamar AeroShell Sport Plus 4. Idan injin Lycoming ɗin naka sabo ne kuma ba mai turbo ba, fara da tsantsar man ma'adinai na jirgi, wato wanda ba a ƙara masa sinadarai ba, har zobban fistan su zauna.